Ƙafa Kafin Hannu: Sharhi Kan Atisayen Ƙwallon Kwando

 Yau a filinmu na sharhin wasanni ƙwallon kwando za mu taɓa, kuma maganar ta fi shafar masu horarwa, da malaman wasanni na makarantu, da duk wani babban yaya da yara ke taruwa a bayansa da yamma suna ce masa koci.

Bari mu fara daga birnin Lille na ƙasar Faransa. Ranar 29 ga watan Yulin 2024, 'yan matan Najeriya, D'Tigress, suka kara da Ostareliya a wasansu na farko na gasar Olamfik. Ostareliya fa ba kanwar lasa ba ce, ita ce ta tafi gida da lambar tagulla a ƙarshen gasar. Amma da aka busa tashi, Najeriya na da maki 75, Ostareliya na da 62. Duk wanda ya kalli wasan ya san ba ruwan jifa ne ya kawo wannan nasara ba. An hana 'yan Ostareliya sakat ne. Sau 26 ƙwallo tana kuɓuce musu kafin su kai ga jefa ta. Duk inda mai ƙwallo ta juya sai ta tarar da mutum a gabanta, ta ɗaga kai ta nemi wadda za ta miƙa wa, sai ta ga hannu ya toshe hanya. Bayan kwana shida 'yan matan suka doke Kanada 79 da 70, suka zama tawagar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon kwando na Olamfik. Kocinsu, Rena Wakama, ita aka zaɓa gwarzuwar masu horarwa ta gasar mata.

Irin wannan tsaro ba ranar wasa ake koyonsa ba, ba a fafe gora ranar tafiya. To, yaya muke atisaye a filayenmu?

Ka je kowane filin siminti da la'asar, a makarantar sakandare ne ko a filin unguwa. Za ka tarar da yara wajen ashirin, ƙwallo ɗaya ko biyu, an ja layi. Na gaba ya buga ƙwallo, ya ruga ya ajiye ta a allo, ya koma baya ya jira. Ku yi lissafi tare da ni. In kowane yaro ya ɗauki sakan shida, sai bayan minti biyu layi zai sake zuwa kansa. A cikin rabin awa ya taɓa ƙwallo sau goma sha biyar ke nan. Sauran lokacin yana tsaye, hannu a ƙugu, suna hirar Barcelona da Madrid. Daga nan koci ya ce a raba biyar-biyar, a buga har magariba, wanda bai samu shiga ba ya zauna a gefe. A tashi a ce an yi atisayen awa biyu. Ba a yi ba. An dai fito an sha iska.

Kuma kada a ce rashin kayan aiki ne kaɗai. Rashin kaya gaskiya ne, ƙwallo mai kyau ta yi tsada, zobe ya karkace an rasa mai walda. Amma rabin abin da ya kamata a koya wa yaro ba ya buƙatar ƙwallo a hannunsa. A filin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a hannun koci Oliver Johnson, Masai Ujiri ya fara koyon wannan wasa, mutumin da daga baya ya jagoranci Toronto Raptors suka ci kofin NBA a 2019. Ba wani katafaren ɗaki mai na'urar sanyi ba ne ya fitar da shi.

Akwai wani koci a Amurka, John Wooden, wanda ya ci wa jami'ar UCLA kofin jami'o'i sau goma tsakanin 1964 da 1975. An san shi da abu biyu. Yana rubuta atisayen kowace rana a ƙananan katuna, minti-minti, ta yadda babu wanda zai tsaya yana tambayar me za a yi yanzu. Sannan ranar farko ta kaka, abin da yake fara koya wa manyan 'yan wasa shi ne yadda ake sa safa da ɗaure igiyar takalmi, don kada safa ta naɗe ta jawo bororo a tafin ƙafa. Wasu masana biyu, Tharp da Gallimore, sun zauna a gefen fili suna rubuta duk abin da ya fito daga bakinsa, suka wallafa a 1976. Abin da suka gani shi ne ba ya dogon jawabi. Gyara ne gajere, yi kaza, ba haka ba, ga yadda ake yi, a ci gaba. Ina ma masu horarwarmu da ke tara yara su yi musu wa'azin minti ashirin jikinsu na hucewa za su ji wannan.

To mu shiga tsaro, don a nan na fi son mu daɗe.

Tsaro da ƙafa ake yinsa. Yaron da ba a koya masa ba, da hannu yake tsaro: ya kai wawura, ya kai duka, alƙalin wasa ya busa. A dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, laifi biyar ne kawai, ka fita ke nan. Don haka abu na farko shi ne tsayuwa. A ware ƙafafu su ɗan wuce faɗin kafaɗa, a lanƙwasa gwiwa, a rage tsawo, nauyi ya sauka a gaban tafin ƙafa, ƙirji a ɗage, ido a cikin mai ƙwallo. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa a Sakkwato ko Dosso ya san wannan tsayuwar, ita ce ta ɗan kokawa lokacin da yake zagaya abokin karonsa yana neman kamu. Me ya sa ido a cikinsa? Saboda mai ƙwallo zai yaudare ka da kai, da kafaɗa, da ƙwallon kanta, amma duk inda cibiyarsa ta nufa, can zai je.

Daga tsayuwa sai zamiya. In za ka dama, ƙafar dama ce ke fara takawa, ta hagu ta tunkuɗa ta biyo. Ƙafafu ba sa haɗuwa, ba sa giciye, kai kuma ba ya hawa da sauka. Atisayen da aka fi yi a nan shi ne na zikzak: mutum biyu, ɗaya da ƙwallo ɗaya yana tare shi, daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, mita 28, a cikin siririn lungu tsakanin layin gefe da tsakiyar fili. Mai ƙwallo ya yi taku uku ko huɗu zuwa dama, mai tsaro ya riga shi isa ya sa ƙirji a gabansa ya tilasta masa juyawa, su koma hagu. A zagayen farko, mai tsaro ya riƙe hannuwansa a baya, ko ya riƙe tawul a wuya da hannu biyu. Nan za ka gane wanda yake da ƙafa.

Amma ga inda ake kuskure. Ana barin wannan atisaye ya zama rawa. Mai ƙwallo ya san inda zai juya, mai tsaro ma ya sani, suna tafiya a hankali kamar an kaɗa musu ganga. A wasa kuwa babu wanda zai jira ka. Don haka da zarar ƙafa ta zauna, koci ya ce daga tsakiyar fili an saki, mai ƙwallo ya yi duk dabarar da ya iya don ya wuce. In an wuce ka, babu sauran zamiya: ka juya, ka zura da gudu, ka sha gabansa, ka sake tsayawa. Wannan juyawa da gudun ita ce yara ba sa samu, shi ya sa za ka ga an wuce yaro yana nan yana jan ƙafa a baya.

Doka ma tana bayan mai ƙafa. In ka riga mai ƙwallo isa wuri, ƙafafunka biyu a ƙasa, kana fuskantarsa, ya zo ya bangaje ka a ƙirji, laifinsa ne, ƙwallo ta koma hannunku. In kuma ka yi tsalle sak, hannu a miƙe sama, sararin da ke kanka naka ne. Sai ka sauko da hannu a kansa ne ya zama naka laifin.

Ku tuna Hakeem Olajuwon. Haifaffen Legas ne a 1963, kuma kafin ya san ƙwallon kwando gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. A wani bikin wasannin kwalejojin malamai da aka yi a Sakkwato aka fara jefa shi cikin tawagar ƙwallon kwando ta makarantarsu. Har yau babu wanda ya kai shi tare jifa a ƙididdigar NBA, sau 3,830. A 1994 ya haɗa kyautar gwarzon ɗan wasa, da ta gwarzon mai tsaro, da ta gwarzon wasan ƙarshe, duk a kaka ɗaya. Dogaye sun yi yawa a zamaninsa, wasu sun fi shi tsawo. Shi da kansa ya sha danganta saurin ƙafarsa da ƙwallon ƙafar da ya buga yana yaro. To mu da yaranmu ke tashi da tamola a kowane lungu, wannan jari ne da muke da shi a hannu.

Abu na gaba a tsaro shi ne rufe mai jifa. Kana can kusa da kwando kana taimaka wa ɗan'uwanka, sai aka wurga ƙwallo ga mutuminka a bayan layin maki uku. In ka tafi a hankali, ya jefa. In ka tafi da gudu ba birki, ya kauce ya wuce ka. Yadda ake koyarwa shi ne ka cinye kashi biyu cikin uku na tazarar da gudu, sauran ka daddatsa taku ƙanana-ƙanana, ɗuwawu a ƙasa, hannu ɗaya a sama. Koci ya jera masu tsaro uku a ƙarƙashin kwando, masu jifa uku a waje, ya mirgina ƙwallo ga wanda ya ga dama, sai a buga da gaske har sai an ci ko an ƙwace. Ƙwallo ɗaya, yara shida suna gumi.

Sai babban atisayen, wanda in da za a ce in zaɓi guda ɗaya tak shi zan ɗauka: huɗu da huɗu a rabin fili. Masu ƙwallo huɗu su tsaya a kewayen layin maki uku, da farko ba sa motsi, miƙa ƙwallo kawai suke yi a tsakaninsu. Masu tsaro huɗu kuma kowa ya san matsayinsa bisa inda ƙwallo take. Wanda mutuminsa ke riƙe da ita, ya matse shi. Wanda mutuminsa ke kusa, miƙawa ɗaya ta isa gare shi, ya sa hannu a hanyar ƙwallo. Wanda mutuminsa ke can ɗaya ɓangaren, ya bar shi ya matso tsakiya, ya tsaya inda zai ga mutuminsa ya kuma ga ƙwallo ba tare da ya juya kai ba. Sirrin shi ne a motsa tun ƙwallo tana iska. In ka jira sai an cafe ta, ka makara.

Bayan an gane wannan, sai koci ya ƙara gishiri kaɗan-kaɗan. Yanzu mai ƙwallo zai iya kutsawa da bugu biyu, na kusa ya taimaka ya koma wurin nasa. Yanzu wanda ya miƙa zai iya yankawa zuwa kwando. Yanzu an yarda a yi wa mai tsaro shinge da jiki. Daga ƙarshe a saki gaba ɗaya, da sharaɗi guda: masu tsaro ba za su fita ba sai sun hana ci sau uku a jere. Za ka ga yaron da ba ya magana ya fara ihu.

Ihun nan kuwa shi ake nema. Tawagar da ke tsaro shiru, makafi biyar ne. Wanda ke kan ƙwallo ya ce nawa ne, na baya ya ce ina nan, ga shinge ta hagu, mu canza. Da Hausa za a faɗa ko da Turanci ko da Zabarmanci, duk ɗaya ne, a dai ji. Yaranmu da yawa an tarbiyyantar da su kada su ɗaga murya a gaban babba, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma dole koci ya fahimtar da su cewa a cikin layukan nan huɗu, shirun ne rashin ladabi ga abokan wasa. Wasu masu horarwa sukan soke zagayen duk da aka yi shiru ko da an ƙwace ƙwallo. Ina goyon bayansu.

Kuma tsaro bai ƙare ba sai ƙwallo ta shigo hannu. An wahala sakan 24 da doka ta ba masu ƙwallo, an tilasta musu mummunan jifa, ƙwallo ta daki zobe ta dawo, sai nasu ya cafe, aka sake ba su sakan 14. Aikin banza ke nan. Da ƙwallo ta tashi, kada ka bi ta da kallo. Nemi mutuminka, taɓa shi, juya ka ba shi baya, sannan ka nemi ƙwallo. Gwajin da ya fi sauƙi: koci ya jefa da gangan ya ɓarar, masu tsaro su tare nasu har sai ƙwallo ta faɗi ƙasa ta yi tsalle ɗaya kafin kowa ya taɓa ta.

Wani zai ce, malam, mu tsaron yanki muke yi, kowa ya tsaya a gurbinsa. Na sani, kuma na san dalili. A wasan yara yana kawo nasara, saboda yara ba su iya jifa daga nesa ba. Amma cin bashi ne. Yaron da ya tashi yana gadin wuri ba zai iya gadin mutum ba, ranar da ya je gwaji a Kano Pillars ko Gombe Bulls asiri zai tonu. A bar yanki sai sun girma.

Mu koma jifa. Zobe yana sama mita 3.05, faɗinsa santimita 45. Ƙwallon maza kuwa faɗinta kusan santimita 24 ne, wato saura ƙiris biyu su shiga tare. Me ya sa to ake ɓararwa haka? Saboda faɗin da ƙwallo ke gani ya dogara da yadda ta sauko. In ta sauko a karkace da digiri 45, ƙofar da ta rage mata kusan santimita 32 ce. In ta zo a miƙe, kamar digiri 30, ƙofar ta koma ƙasa da santimita 23, ta fi ƙwallon ƙanƙanta. Irin wannan jifa ba zai shiga ba sai ya daki ƙarfe, sai kuma sa'a. Don haka in ka ga yaro yana harba ƙwallo sak, ba idonsa ke da matsala ba, jifan ne ba ya hawa.

Maganin yana gindin kwando. Taku ɗaya daga zobe, hannu ɗaya, gwiwar hannu a ƙarƙashin ƙwallo, ƙarfi ya taso daga ƙafa, wuyan hannu ya karye a ƙarshe, yatsu su kalli ƙasa, a bar hannun a sama har ƙwallo ta shiga. Ba a ƙirga wadda ta taɓa ƙarfe. Ka ci biyar tsaf, ka ja baya taku ɗaya. Yara sun tsani wannan, kowa so yake ya shigo fili ya zarce bayan layin mita 6.75 ya zama Stephen Curry. To a gaya musu labarin Curry ɗin. Yana sakandare jifansa daga ƙasa-ƙasa yake tasowa, saboda ƙaramin jiki gare shi. Mahaifinsa Dell, wanda shi ma tsohon ɗan NBA ne, ya rushe jifan ya sake gina shi a hutu guda, ya tsare shi kusa da kwando na tsawon makonni. Mutumin da ya ci jifan maki uku 402 a kakar 2015 zuwa 2016, daga nan ya faro.

A nan akwai abin da ke damuna. Muna ba ɗan shekara tara ƙwallon manya, mu tsayar da shi a gaban zoben manya. Ba shi da ƙarfin kai ta, sai ya tattaro daga ƙugu, ya murɗa jiki, ya cilla da hannu biyu. Ta shiga sau ɗaya an yi masa tafi, shi ke nan mugun jifa ya zauna masa har girma. A tsarin wasan ƙananan yara ana sauke zobe zuwa mita 2.60, a ba su ƙaramar ƙwallo mai lamba 5. Mai walda na bakin titi zai iya haɗa ƙaramin zobe a jikin bango.

Ga dogayen yara kuma akwai tsohon atisaye mai sunan George Mikan, wanda kocinsa Ray Meyer ya sa shi yi a jami'ar DePaul a shekarun 1940. Ka tsaya a gindin kwando, ka ajiye da hannun dama ta dama, ka cafe kafin ta faɗi, ka taka ka ajiye da hagu ta hagu, haka ba tsayawa, ƙwallo ba ta sauka ƙasa da kafaɗa. Minti ɗaya ya isa ka ji kafaɗa na zafi. Amfaninsa babba shi ne hannun hagu, wanda a al'adarmu tun yaro na rarrafe ake kwaɓarsa in ya miƙa shi. A fili kuwa mai hannu ɗaya an gama da shi, tura shi hagu kawai za a yi.

Idan siffar jifa ta zauna, sai a kai shi yanayin wasa. Jifan da aka yi a tsaye, ba gaggawa, ba mai tarewa, ba shi ne za a samu ranar Asabar ba. Mutum uku, ƙwallo biyu: ɗaya na jifa, ɗaya na cafowa, ɗaya na miƙawa, sakan 45 a canza. Mai jifa ya ruga zuwa wurin, ya shirya ƙafa tun ƙwallo ba ta iso ba, hannu a buɗe. Daga baya a sa wanda ya miƙa ya bi ƙwallon da gudu da hannu a sama. Kuma a riƙa rubutawa a littafi, nawa aka jefa, nawa suka shiga. Da wannan littafin ne koci zai raba gardamar wa ya cancanci jifan nesa. Lissafin a fili yake: wanda ke cin ɗaya cikin uku daga nesa daidai yake da mai cin rabi daga kusa. Wanda ke cin ɗaya cikin shida, ya yi haƙuri ya matso. A Yulin 2021 'yan mazan Najeriya, D'Tigers, sun doke Amurka 90 da 87 a wasan share fage a Las Vegas da jifan maki uku har guda 20, amma waɗannan mutane ne da aka san hannunsu tun kafin ranar.

Saura juriya. Har yanzu akwai mai horarwar da zai ce a zagaya filin ƙwallon ƙafa sau goma kafin a taɓa ƙwallo. Wannan na iya amfani a farkon kaka, don a shimfiɗa tushe. Amma wasan kansa kashi huɗu ne na minti goma-goma, kuma ba wanda ke sassarfa a cikinsa. Zura ne na sakan uku, birki, juyawa, tsalle, ɗan hutu, a sake. Jikin da aka saba masa da sassarfa, sassarfa zai bayar.

Shi ya sa ake gudun layuka. Daga layin ƙarshe zuwa layin jifan kyauta a dawo, zuwa tsakiya a dawo, zuwa layin jifan kyauta na can a dawo, zuwa ƙarshen fili a dawo. A filin mita 28, mita 140 ke nan, da juyi bakwai. Akwai kuma tsallaka faɗin fili, mita 15, sau 17, wato mita 255, manyan 'yan wasa kan nemi gamawa cikin minti ɗaya ko da 'yan sakanni. A ba da hutu na sosai tsakanin zagaye. In ba hutu, gudun ya koma jan jiki, an ɓata manufar.

Amma ni a ganina, mafi yawan juriya da ƙwallo a hannu ya kamata a same ta. Uku su kai hari kan biyu, da an jefa, biyun su juya su kai hari kan ɗaya a ɗaya kwandon, wasu su shigo, ba tsayawa. Ko a buga huɗu da huɗu a cikakken fili a matse tun daga layin ƙarshe, minti uku cur. Yaro zai yi hakin da ya fi na gudun layi, kuma yana yanke shawara cikin hakin, wanda shi ne ainihin abin da ke gagara a kashi na huɗu. Ƙafa kan gaji, amma kai ne ke fara ɓata wasa.

Kuma don Allah a daina mai da gudu bulala. Yaro ya makara, gudu. Ya ɓarar, gudu. A ƙarshe ya ɗauka gudu wulaƙanci ne, alhali da shi zai ci abinci. In an raba ƙungiya biyu aka yi gasa, waɗanda aka cinye su yi zagaye ɗaya, wannan daban, kowa ya san sharaɗin tun farko.

Sai yanayinmu. A watan Afrilu zafin Kano ko Maraɗi kan haura digiri 40, siminti kuma yana riƙe zafi har bayan la'asar. A koma bayan asuba ko dab da magariba, a ajiye ruwa a gefe, a sha duk bayan kwata. Tsohon zancen nan cewa hana ruwa na ƙara ƙarfin zuciya ba shi da tushe, yana iya kashe yaro. Wanda ya fara jiri, ko ya rikice, ko maganarsa ta sauya, a kai shi inuwa a jiƙa shi nan take, a nemi asibiti. Da hunturu kuma ƙura kan kwanta a daɓe ta mai da shi santsi, tsintsiya ce kayan aiki na farko, in ba haka ba targaɗen idon sawu na nan tafe. Siminti ba ya tausayin gwiwa, don haka a rage yawan tsalle-tsalle ga masu tasowa. Da azumi, an san Hakeem ya buga yana azumi har ya zama gwarzon wata na NBA a Fabrairun 1995, amma shi babban mutum ne. Yaranmu a sauƙaƙa musu da rana, a yi gyaran jifa da tsayuwa, a bar mai nauyi sai bayan an sha ruwa.

Jifan kyauta kuma kada a tara shi a farkon atisaye lokacin da jiki ke garau. A warwatsa shi. Da an gama zagaye mai zafi, koci ya kira suna ɗaya, yaro ya taka layi, mita 4.6 daga allo, ƙirji na bugawa, abokai sun jeru suna kallo. Jifa biyu kacal, kamar yadda alƙali zai ba shi. Ya yi abin da ya saba yi kullum, bugu uku ne, dogon numfashi ne, ya dai zama iri ɗaya. In ya ci duka, kowa ya je ya sha ruwa. In ya ɓarar, a tsallaka fili a dawo, a kira wani. Shaquille O'Neal, duk girmansa, kashi 52 da ɗoriya cikin ɗari ya riƙa ci a wannan layi, har abokan hamayya suka mai da yi masa keta da gangan dabarar wasa. Curry kuwa yana cin sama da 90.

Lokaci ya cim mana. Masu horarwa da ke da tambaya kan yadda za a raba yara ashirin a kwando ɗaya, ku aiko, za mu ɗauke ta a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.